Sharon Mai Shan Gas: Tambayoyi da Amsoshi Kan Juye a Gida da Ciwon da Ta Saba Yi

Motar da ake kira Sharon a tashoshinmu sunanta na yanka Volkswagen Sharan, kuma tana da 'yan'uwa biyu, Ford Galaxy da Seat Alhambra. Masana'anta ɗaya ce ta haɗa su a garin Palmela na ƙasar Fotugal. Sharan da Galaxy sun fito a 1995, Alhambra ta biyo baya a 1996. Tambarin ne ya bambanta, amma in ka ɗaga bonet ɗin Galaxy mai shan gas ta kafin 2006, injin Volkswagen 1.9 TDI za ka tarar a zaune. Yawancin waɗanda nake gani suna lodi a tasha masu fetur ne, shi ya sa mai ta gas yakan rasa wanda zai tambaya. Tawa ƙirar 2002 ce, 'yar Kwatano, shekara takwas ke nan tana ɗaukar iyalina. Ga abin da aka fi tambaya ta a kanta.

Malam, ta yaya zan san irin injin da ke cikin tawa?

Wannan ce tambayar da ya kamata ta riga kowace, domin 1.9 TDI iri biyu ne, kuma abin da ɗaya ke ci lafiya yana iya kwantar da ɗayan.

Na farko shi ne tsoho mai famfon injekta, wanda ya zo a motocin 1995 zuwa 2000. Lambobinsa 1Z da AHU masu ƙarfin doki 90, sai AFN mai 110. Na biyu shi ake kira PD, ya zo bayan an sake wa motar fuska a 2000. A cikinsu akwai AUY mai doki 115, ASZ mai 130, da BTB mai 150. Shi PD ba shi da famfo guda. Kowace nozul da nata ɗan famfon a cikin kan injin, kamshaf ne ke danna su.

Kada ka dogara da shekarar da ke kan takarda, don mota mai shekara ashirin a hanyoyinmu ba mamaki an taɓa sauke mata inji. Buɗe bonet, cire murfin robar saman. In ka ga siraran bututun ƙarfe huɗu sun taso daga famfo sun nufi kan inji, tsohon ne. In babu su, PD ne. Lambar kuma tana kan 'yar takardar da aka manna a murfin bel ɗin taimin, in ba ta ɓare ba, kuma an buga ta a jikin injin. Rubuta ta a wayarka. Duk ranar da ka shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kaya, lambar za ka faɗa. In ka ce "na Sharon" kawai, abin da ke kusa da hannun yaron shago za a miƙo maka.

Wane baƙin mai zan zuba? Bakanikena ya ce mai kauri ya fi dacewa da zafinmu.

In tsohon inji ne, maganarsa ba ta yi nisa da gaskiya ba. Mai 15W-40 na injin gas mai kyau, wanda aka rubuta VW 505.00 a bayan galan ɗinsa, ya wadatar.

In PD ne, kada ka saurare shi. Don a sama wa famfunan nan huɗu wuri a kan kamshaf ɗaya, sai da aka rage faɗin ƙullutun da ke danna bawul, nauyi mai yawa ya taru a ɗan siririn wuri. Kamfanin ya fitar da ma'aunin mai na musamman saboda wannan, VW 505.01, yawanci 5W-40. Ka lura da ƙarshen lambar, 01 ne. Man da bai kai ba ba ya kashe injin yau ko gobe. A hankali yake cinye kamshaf, wata tara, shekara guda, sai ka fara jin wani "bum-bum" mai zurfi daga wajen akwatin filtar iska, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙaru. Lokacin an riga an yi ɓarna, kuma kuɗin kamshaf da kayansa ya ninka abin da ka tsimi a galan sau da yawa.

Sai kuma jabun mai, wanda ya cika kasuwa. Ni dai ba na sayen na awo a kwalba, kuma ina duba hatimin murfi kafin in biya.

Zan iya yin juye da kaina a gida?

Ƙwarai. Awa ɗaya ya isa, kuma amfaninsa ka ga da idonka abin da ya shiga injinka.

Ka tayar da motar minti biyar mai ya yi ɗumi ya saki jiki. Ajiye ta a daɓen da ya miƙe, ja birkin hannu, sa dutse a bayan taya. In ka ɗaga ta, ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko kututturen icce mai ƙwari. Motar nan ta haura tan ɗaya da rabi, kuma jak ko bulon siminti ba abin da za ka ba amanar ƙirjinka ba ne. Cire farantin ƙasa in har yana nan, tara roba mai faɗi, kwance nocin tukunyar mai. Man zai fito baƙi ƙirin kamar tawada. Haka na gas yake, ko sabo ne kwana biyu ya yi baƙi, don haka launi ba ya gaya maka komai.

Filtar tsohon inji gwangwani ce da ake murɗewa. Ta PD takarda ce a cikin gida mai murfin roba, tana zuwa da zobban roba a kwalinta. Ka canza zobban, ka shafa musu ɗan mai. Wurin mayar da noci ne ake yawan ɓata aiki: tukunyar PD ta alminiyom ce, in ka ɗora ƙarfinka duka a kan sifana za ka ci zaren, daga nan sai ɗiga har abada. Sabuwar washa a nocin, ɗauri daidai, shi ke nan. Ga mai sifanar awo, 30 Nm ne nocin, murfin filta 25.

Yana shan kimanin lita huɗu da rabi. Zuba huɗu, tayar minti ɗaya, kashe, jira minti biyar, duba sanda, sannan ka cika. Kada ya wuce alamar sama.

Littafin motar ya ce kilomita 15,000. An rubuta shi ne don hanyar Jamus da gas ɗin Turai. Mu da muka yi shekaru muna shan gas mai yawan farar wuta, wadda ke sa mai ya yi tsami da wuri, ga ƙura ga cunkoso, ni a 5,000 nake juyewa, in na yi sakaci 7,000. Tsohon man kuma kada a zubar a kwata. Zuba a jarka, masu katako za su karɓa da murna, suna shafa wa azara saboda gara.

Filtar gas da ta iska fa?

Ta iska, da hunturu ina buɗe ta duk sati biyu. In ƙura ce sama-sama, ka bubbuga ta a tafin hannu. Kada ka kai wa mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi, takardar na yagewa ta inda ido ba ya gani, ƙurar ta wuce ta ci fuka-fukan turbo.

Ta gas ita ce mai gadin injin. Nozul ɗin PD na fesa gas da matsin da ya kai bar 2,050, kuma gas ɗin ne da kansa ke zame wa kayan ciki man shafawa, haka ma famfon tsohon inji. Ruwa ko kananzir a ciki kamar zuba yashi ne a injin markaɗe. A gindin filtar akwai ɗan noci na tsiyayar da ruwa. Duk juye ina sassauta shi in tara kwalba mai haske. Wata rana bayan na sha mai a hannun 'yan bumburutu a hanyar ƙauye, abin da ya taru a kwalbar hawa biyu ne, gas a sama, a ƙasa ruwa mai launin shayi kamar yatsa biyu. Tun daga ranar nake tafiya da filta sabuwa a but.

Ina canza ta duk juye na biyu. Kafin ka ɗaura sabuwar ka cika ta da gas mai tsabta, in ba haka ba za ka yi ta kik har batir ya mutu. Akwai wani ɗan bawul na roba da ke zama a samanta da zobba biyu. Ka sa sababbin zobban, don ta nan iska ke satar shiga.

Yaron gidan mai ya zuba mini fetur. Yaya zan yi?

Kada ka tayar, kada ma ka murɗa makulli. A tura ta gefe a zuƙe tankin. Yana yawan faruwa, don yaran sun saba Sharon fetur take sha. Ni fitowa nake in tsaya a kan murfin.

Tana tafiya lafiya, da na hau tudu ko zan wuce tirela sai ƙarfi ya ɗauke. In na kashe na sake tayarwa sai ta dawo daidai. Turbo ne ya mutu?

Da wuya. Turbo da ya mutu ba ya farfaɗowa don ka murɗa makulli. Ƙwaƙwalwar motar ce ta ga matsin iska ya saɓa wa abin da ta nema, sai ta rage ƙarfi don ta kare injin.

Ya same ni a hanyar Jos, wajen hawan nan mai tsawo. Na dawo na kai ta wani gareji, maigidan ya taka totur sau biyu, ya saurara, ya ce, "Alhaji, turbo ya tafi, amma akwai na Beljiyam mai kyau a hannun ƙanena." Na ce zan yi shawara. Da yamma na ɗauki tocila na bi siraran tiyon iska masu rigar zare ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tashi daga bawul ɗin N75, mai daidaita matsin iskar turbo, zuwa turbo ya goga da ƙarfe har ya huje, ramin bai fi kan ashana ba. Tiyo mita ɗaya na saya.

Don haka ka fara daga mai araha. Tiyon nan tukuna, da manyan tiyon da ke kai iska cikin inji, ko akwai wanda ya tsage ko ya zame. Inda ka ga jiƙewar mai a gaɓa, nan iska ke fita. Sai N75 kansa. Sai fuka-fukan cikin turbo: AFN da AUY da ASZ turbonsu na da 'yan fuka-fukai masu motsi, kuma motar da kullum kai yara makaranta ce aikinta, ba ta taɓa buɗe wuta a babbar hanya, baƙin toka na daskarar da su. Wannan wankewa ake yi, ba saye ba. In an jona kwamfuta aka ga lamba 17965, matsi ya yi yawa ke nan, zargi na kan fuka-fukan. In 17964 ce, ya yi kaɗan, nemi inda ke zuba.

Akwai kuma rashin ƙarfi na kullum, wanda kashewa da tayarwa ba ya gyarawa. Nan ka zargi na'urar auna iska da ke bayan akwatin filta, wadda kanikawa ke kira eyafulo. Kashe mota, zare soket ɗinta, ɗan zaga unguwa. In ta fi ƙarfi ko ba abin da ya canza, ita ce. Ka sayi ta asali ko da tsohuwa ce, don sababbin masu arha wata biyu suke yi. In hayaƙi baƙi ya haɗu da kasala, a buɗe bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, da maƙogwaron da ke bayansa. Na taɓa ganin wanda kwalta ta toshe har da ƙyar babban yatsa ke shiga.

Da safe tana wahalar tashi. Fulogin hita ne?

In da sanyin hunturu ne kawai, musamman a Jos ko asubahin Kano a watan Janairu, tana tashi da karkarwa da farin hayaƙi na ɗan lokaci, to mai yiwuwa. Mai wayarin zai auna su da mita, lafiyayye bai cika wuce om ɗaya ba. Amma injin nan ba ya neman hita sosai sai da sanyi na gaske. In a watan Afrilu take maka gardama, bar fulogi ya huta.

Iska a layin gas ta fi yawa. A tsohon inji akwai tiyo mai haske tsakanin filta da famfo, in ka ga manyan kumfa suna wucewa ka sami ɓarawon. A PD, gwada kwana da ita hancinta na kallon gangare. In ta tashi nan take, gas ne ke komawa tanki da dare, a duba famfon da ke ƙarshen kan inji da zobban nozul. In kuma da zafi take ƙi, da sanyi ta tashi, batir ko kik ne ya gaji, ba ya juya injin da saurin da ƙwaƙwalwa ke jira. In ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, kullum haka, na'urar tsaron makulli ce ba ta gane makullin ba.

Fitilar hita, mai kamar nannaɗaɗɗiyar waya, tana ƙyaftawa ina cikin tafiya.

Sa yaro ya tsaya a baya ka taka birki. Sau da yawa ɗan makunnin da ke saman fedar birki ne ya lalace, fitilun baya ba sa kamawa. In suna kamawa, sai kwamfuta.

An ce in cire tamostat don kada ta yi zafi.

Kusan duk garejin da ka shiga za a faɗa maka haka. Tamostat ɗin yana buɗewa a digiri 87, allura ta zauna a 90, nan aka gina injin ya yi aiki. In an cire shi, injin gas ya daɗe bai ɗumama ba, shan mai ya ƙaru, toka ta taru a turbo da EGR, kuma ainihin abin da ya jawo zafin yana nan ba a taɓa shi ba.

Wuraren dubawa: fankokin lagireto, da ɗan akwatin fis da ke kusa da batir a motocin bayan 2000, wanda ke narkewa in wayar altaneta ta yi sako-sako. In ka ji warin ƙonannen roba a nan, kada ka bari ya kwana. Sai famfon ruwa, wanda a PD fankar cikinsa ta roba ce, takan saki ta daina juyawa alhali daga waje lafiya lau. Sai murfin tulun ruwa. Sannan abin da mutane ba su sani ba: akwai bututun ruwa da suka bi ƙarƙashin motar zuwa hitar baya da wata 'yar hita mai ƙona gas da aka sa don sanyin Turai. Mu ba ta da amfani a wurinmu, amma gishirin da ake watsa wa titunan can ya riga ya ci bututun kafin motar ta hau jirgin ruwa. In ruwa na raguwa ba ka ga ɗiga a gaba ba, leƙa ƙasa ta gefen hagu. Bakanike na iya zagaye layin da tiyo ya hutar da kai.

Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana barin farin dutse a lagireto. Ruwan sanyaya inji mai ruwan hoda, G12, shi ne nata, kuma ba a gauraya shi da shuɗi.

Bel ɗin taimin, yaushe? Zan iya da kaina?

Tsakanin kilomita 60,000 da 90,000 gwargwadon inji, ko shekara huɗu, duk wanda ya riga. In yanzu ka sayi motar, ɗauka cewa lokacin ya yi, don mitar 'yar Kwatano ba shaida ba ce. In ya tsinke fistin na dukan bawul, magana ta koma ta sauke kan inji.

Ba aikin gida ba ne. Akwai ƙarafan kulle inji na musamman, ka tambayi bakaniken ya nuna maka su kafin ya kwance noci ɗaya. In ya ce shi da fenti yake alama, ka yi masa godiya ka tafi. A canza bel da tenshina da rola tare, a PD har da famfon ruwa, tunda bel ɗin ne ke juya shi.

Na ji an ce injin gas na iya ƙin mutuwa ko an zare makulli.

Gaskiya ne. In turbo ya saki mai cikin layin iska, ko an cika baƙin mai fiye da kima, injin ya koma shan nasa man, ya yi ta ihu da hayaƙi kamar ana ƙona bola. Taka birki da ƙarfi, sa giya mafi girma, saki kuloci lokaci guda ya shaƙe. Kada ka sake tayarwa. Alamar gargaɗi ita ce mai na raguwa da shuɗin hayaƙi.

Gilas ya daina sauka, makullan ƙofa na wasa da kansu, da damina kafet na jiƙewa.

Biyu ne. Wayoyin da ke cikin robar da ta haɗa ƙofa da jikin mota, da ta murfin but, suna karyewa don yawan buɗewa da rufewa. Ja robar baya za ka ga karyayyun. Na biyu, magudanan ruwan da ke ƙasan gilashin gaba na toshewa da ganye da ƙura, ruwa ya gangaro ciki ya taru a ƙarƙashin kujerar gaba inda na'urar makullai take. Kafin ruwan farko ka zura waya ka buɗe su.

Tayoyin gaba na cinyewa ta ciki, kuma akwai ƙwanƙwasa a gargada.

Ƙwanƙwasar yawanci siraran sandunan nan ne da ke haɗa shokozoba da sandar daidaito, masu arha ne, sifana biyu ke canza su. In ba su ba, robobin saman shokozoba. Bayan gyara a yi alaimen. Motar mai kujera bakwai ce, kuma an yi ta ne don taya mai ƙarfafan gefe, wadda aka rubuta XL ko Reinforced a jikinta. Duba lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT a jikin tayar, su ne lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin sati na 23 na 2019. Wanda ke lodin mutum goma da buhunan masara a kan tayar Beljiyam mai shekara tara, a zafin hanyar Maiduguri, shi ya san abin da ya taka.

Ina safayar take? Na duba but ban gani ba.

Tana ƙarƙashin motar ta baya, rataye da igiyar ƙarfe. Akwai ɗan murfi a daɓen but, ta nan ake zura sifanar taya a murɗa ta sauko. Ka gwada yau da rana a ƙofar gida, ka shafa wa igiyar giris, ka auna iskar tayar. Ni ban gwada tawa ba sai da na yi faci bayan magariba tsakanin Zariya da Funtuwa, da yara biyar a ciki. Na'urar ta yi tsatsa ta ƙi motsi, sai da wani mai babur ya koma ƙauye ya aro mana zarto muka yanke igiyar, tayar ta faɗo, ashe ita ma babu iska.